Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Murjanin Gida Yin Fari?

Wani mai sauraro ya tambayi dalilin da ke sa murjanin da ake kiwo cikin tankin gilashi yin fari.

Murjani dabba ne, kuma a jikinsa akwai gansakuka mai ciyar da shi idan ta sami haske. Zafi na yin yawa sai murjanin ya kore ta, ya koɗe. Haka aka gani a tekun Ostareliya a 2016.

Nau'in Acropora mai saurin lalacewa yana buƙatar ɗumin digiri 25, gishirin teku giram 35 a kowace lita, da famfo mai kaɗa ruwa dare da rana. Maganin kifi mai sinadarin tagulla kashe shi yake.

Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a tanadi batirin famfon kafin a sayo murjanin.