Kaifi a Hanci: Yadda Kalmar Wuƙa Ta Shiga Kwalbar Turare

Asalin kaifi na wuƙa ne da aska da takobi. Daga nan Hausa ta faɗaɗa ma'anarsa, aka sami kaifin basira, kaifin ido da kaifin harshe. To, idan aka ce turare yana da ƙamshi mai kaifi, me ake nufi, alhali ƙamshi ba ya yanka?

Mu fara da kalmar kanta. A 1955, F. W. Parsons ya nuna cewa kaifi na cikin wani rukuni na sunaye masu bayyana abin da jiki ke ji, irin su zafi, sanyi, nauyi, ɗaci da tsami. Dukkansu gaɓa biyu ne, suna ƙarewa da wasalin i, kuma hanya ɗaya suke bi wajen samar da sifa: kaifi ya ba da kakkaifa, zafi ya ba da zazzafa. Ƙamshi da wari ma ƴan wannan gida ne. Haka kuma aikatau ɗaya, wato ji, shi ke ɗauke da su: na ji zafi, na ji ɗaci, na ji ƙamshi. Ashe tazarar da ke tsakanin fata da hanci ba ta da yawa a Hausa.

Wannan ƙaura ba ta Hausa kaɗai ba ce. Stephen Ullmann, sannan Joseph Williams a 1976, sun lura cewa kalmomin taɓawa su ne suka fi yin ƙaura zuwa sauran kafofin ji. Shi ya sa muke cewa sassanyan ƙamshi, amma ba ma cewa wuƙa mai ƙamshin baki.

Sai dai a nan magana ta wuce aron ma'ana kawai. Ban da jijiyar shaƙar ƙamshi, akwai wata jijiya a hanci, ta 5 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda aikinta jin zafi da sanyi da raɗaɗi. Ita ce ke sa hawaye idan ana yankan albasa. Lokacin da aka fesa turare mai alkol, alkol ɗin da sinadarai marasa nauyi, kamar man ɓawon lemu, su ke fara tashi, su taɓa wannan jijiya. Sukan da mutum ke ji a hancinsa gaskiya ne, ba zato ba.

Saboda haka dole a raba kaifi da ƙarfi, domin a maganar yau da kullum akan haɗe su a ce turare "ya yi ƙarfi" ko "yana hawa kai". Ƙarfi yawa ne da daɗewa. Humra da turaren wuta na sandal suna cika ɗaki, su kwana a tufafi, amma ba sa sukan hanci. Kaifi kuwa sauri ne da tsini: ya iso nan take, ya soka, ya gushe cikin ƴan mintuna.

Kishiyar kalma ma tana ba da shaida. Wuƙar da ta rasa kaifi ta dakushe, kuma wannan aibi ne. Ƙamshin da ba shi da kaifi kuwa mai sanyi ne ko mai taushi, kuma wannan yabo ne. Kalmar ta yi ƙaura, amma ta bar kishiyarta a gida.

Darasin ga mai fassara da mai rubuta ƙamus shi ne: in ka ci karo da piquant a bayanin turare na Faransanci ka sa "mai ƙarfi", ka ɓatar da ma'ana. Kafin ka yanke hukunci, je kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, ka miƙa wa masu sayar da turare kwalba biyu, ta feshi da ta mai, ka rubuta kalmomin da suka fito daga bakinsu.