Darasin lafiya: yaron da ya warke daga ciwon daji, kada a yar da karnensa

Ciwon daji ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Yana kama yara, har da na goye. A asibiti ana ce masa kanser, wasu kuma suna ce masa sankara.

A Nijar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, akwai irin da ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin ƴan kwanaki, har haƙora su yi girgiɗi. Wani likita Bature mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi a ƙasar Uganda a 1958, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Akwai na ƙoda, wanda ke kumbura ciki gefe guda. Akwai na ido, wanda ke sa tsakiyar ido ta yi fari tana ƙyalli kamar idon kyanwa da dare. Akwai kuma na jini.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da samari wajen 400.000 ne ke kamuwa da shi a duniya. A ƙasashe masu arziki, cikin yara 100 fiye da 80 suna warkewa. A ƙasashe matalauta da yawa, ba su kai 30 ba. Babban dalili shi ne jinkirin zuwa asibiti, da rashin magani, da katse magani kafin ya ƙare. Amma duk da haka ana samun masu warkewa. Wannan darasi a kansu yake.

Ranar da likita ya sallami yaro, murna ta kama gida. An sha wahala, an saida akuya, wataƙila an saida hatsin rumbu, an yi watanni a Yamai ko wani babban gari. Uwaye sun koma ƙauye suna cewa magana ta ƙare. To, da sauran magana. Yaron da ya warke daga ciwon daji ya fi tsaransa haɗarin kamuwa da wani sabon ciwon daji in ya girma.

Sabo ne, ba tsohon ba

Abu biyu ne, kada a gama su. Wani lokaci tsohon ciwon ne ke dawowa, don bai mutu duka ba. Wannan ya fi faruwa cikin shekarun farko bayan magani. Wani lokaci kuma tsohon ya tafi ke nan, amma wani iri dabam ya fito, sau da yawa a wani wuri dabam na jiki, bayan shekara 10, ko 20, ko fiye. Yarinyar da aka yi wa maganin ƙari a ƙirji tana da shekara 9 tana iya samun ciwon nono tana da shekara 30, da ƴaƴanta. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma kishiya ba ce.

Daga ina yake fitowa?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ciwon daji yana farawa ne in wasu ƙwayoyi suka lalace, suka yi ta haihuwa ba tsayawa. Maganin da ke kashe su mai ƙarfi ne ƙwarai. Manomi ya san wannan: in an sa wuta a ƙone ƙaya a gefen gona, wani lokaci wutar takan lashi shuka mai kyau da ke kusa. Haka maganin yake taɓa wasu ƙwayoyi masu lafiya. Yawancinsu suna gyaruwa da kansu. Kaɗan ne ke zama da tabo, kuma daga wannan tabo ne sabon ciwo yake iya tasowa bayan shekaru.

Magani iri biyu ne ke jawo haka.

Na farko shi ne hasken inji mai ƙone ƙari, wanda likitoci ke ce wa radiyoterapi. Shi ne ya fi haɗari. Sabon ciwon yakan fito ne a wurin da hasken ya bi. In ƙirji aka haska, a lura da nono. In wuya ne, a lura da gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa. In kai ne, a lura da ƙwaƙwalwa. Ƙashi da fata na wurin su ma haka. Ba ya gaggawa, yawanci sai bayan shekara 10. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa don mutum ya tsufa.

A nan sai an yi hattara. Wannan haske ba shi ne hoton ƙirji ko na ƙashi da ake ɗauka a asibiti in mutum yana tari ko ya karye ba. Hasken hoto ɗan kaɗan ne. Kada wani ya ƙi hoto saboda wannan darasi.

Na biyu shi ne maganin da ake sawa cikin jijiya ko a haɗiya, wanda ke zubar da gashin kai. A asibiti ana ce masa shimiyo. Wasu irinsa, ba duka ba, suna taɓa ɓargo, inda jiki ke yin jini. Suna iya jawo ciwon daji na jini. Wannan ya fi saurin fitowa: da wani magani bayan shekara 2 ko 3, da wani bayan shekara 5 zuwa 7. In an wuce shekara 10 lafiya, wannan haɗari ya ragu sosai.

Mutum nawa yake samu?

A Amurka da Kanada likitoci sun fara wani babban bincike a 1994. Sun bi mutane wajen 14.000 waɗanda aka gano ciwon daji gare su suna yara tsakanin 1970 da 1986. Bayan shekara 30, cikin mutum 100 wajen 8 ne suka samu sabon ciwon daji mai tsanani. Wannan ya ninka na sauran jama'a tsaransu kamar sau 6. Amma a sake duba lissafin: cikin 100, wajen 92 ba su samu ba.

Inda lissafin ya yi nauyi shi ne ga matan da aka haska wa ƙirji suna yara. Cikin 100, wajen 30 sun samu ciwon nono kafin su kai shekara 50.

Likitoci sun ɗauki darasi. A cikin wancan bincike, yara 77 cikin 100 aka yi wa hasken inji a shekarun 1970. A shekarun 1990 sun koma 33, kuma an rage ƙarfin hasken. Sabon ciwon shi ma ya ragu.

Waɗannan alƙaluma na can ne, ba na Nijar ba. A Nijar sai a 2021 aka fara aiki da injin haske, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Kafin nan, sai wanda aka kai ƙasar waje ne ke samunsa. Ke nan yawancin yaran karkara da suka warke, shimiyo da fiɗa aka yi musu. Ciwon Burkitt ma da shimiyo ake maganinsa, ba da haske ba. Haɗarinsu bai kai na waɗanda aka haska ba, amma bai zama babu ba.

Wani zai ce: in magani yana kawo ciwo, don me za a kai yaro? Wannan lissafin banza ne. Ciwon daji na yaro in ba a yi maganinsa ba, kashe shi yake yi, wani cikin ƴan watanni. Sabon ciwon kuwa wataƙila ne, bayan shekaru masu yawa, ga mutum kaɗan. Ba a ƙin fita daga rijiya don tsoron ƙayar da ke bakinta. Uban da ya katse maganin ɗansa don ya ji wannan labari, ya yi babban kuskure.

Karne

Likitan da zai ga wannan yaro bayan shekara 20 ba shi ne wanda ya yi masa magani ba. Wancan an canza masa wurin aiki, ko ya yi ritaya. Sabon likita ba shi da hanyar sanin abin da aka yi sai ta takarda. In ya ga an rubuta an haska ƙirji, ya san inda zai duba. In babu takarda, sai ya ɗauki ƙullutun nono kamar na kowa, ya ba da maganin ƙurji, a yi ta ɓata lokaci.

Saboda haka kafin a bar asibiti, uwaye su roƙi likita ya rubuta musu sunan ciwon, da shekarar da aka yi magani, da sunayen magungunan, da abin da aka cire in an yi fiɗa, da wurin da aka haska in an haska. A sa karne da takardun cikin leda, a sa cikin gwangwani mai murfi, don gara da ɓera da ruwan damina. Mai salula ya ɗauki hotonsu. Wanda ya iya karatu a gidan ya kwafe su cikin littafinsa da hannunsa. Ga amfanin makarantar yaƙi da jahilci.

Abin da ya fi takarda wuya shi ne faɗa wa yaron. Wanda aka yi wa magani yana da shekara 3 ba ya tuna kome. Gidaje da yawa suna ɓoye maganar, musamman ga ɗiya mace, don kada a ce tana da aibu ta rasa miji. Sai a yi mata aure, ta tafi wani gari, karne ya zauna cikin kwallar uwarta. Wannan ɓoyo cutarwa ne. Ciwon daji ba a ɗaukarsa wurin cin abinci, ko wurin kwanciya, ko ta nono. In ɗiya ta yi hankali a gaya mata, kuma karne ya bi ta cikin kayan aurenta.

Abin da za a lura da shi

Wanda ya warke ya je gidan likita sau ɗaya a shekara, ko yana jin lafiya lau, da karnensa a hannu. Bayan girbi ya fi sauƙi, lokacin da akwai ɗan kuɗin mota. Macen da aka haska wa ƙirji ta fara zuwa awon nono kowace shekara in ta kai shekara 25, ko in an cika shekara 8 da yin hasken, duk wanda ya zo daga baya. Ita ma ta riƙa shafa nononta da kanta kowane wata.

Ba a jiran shekara ta cika in an ga ƙullutu a nono, ko a wuya, ko a kan ƙashi. Haka in ƙashi yana ciwo da dare ba a buge ba, ko gyambo ya ƙi warkewa a wurin da aka haska, ko ciwon kai da amai da safe sun ƙi ƙarewa. Haka in jiki ya yi fari, ga kasala, ga haɓo, ga jini a dasashi, ga zazzaɓin da maganin cizon sauro bai kwantar ba. Kada a tsaga ƙullutu da aska, kada a yi masa sakiya. Yawancin waɗannan alamu za a tarar wani abu ne dabam mai sauƙi, amma likita ne zai faɗa.

Jikin da ya sha irin wannan magani ba a ƙara masa kaya. Taba, ta sha ko ta ci, ba ta kamace shi ba, giya ma haka. Gujiya da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, a zubar da su. In an taɓa ƙara masa jini, ya nemi a auna shi a ga ko yana da ciwon hanta.

Masu ciwon ido

Waɗannan maganarsu dabam ce. Cikin yara 10 masu ciwon daji na ido, wajen 4 da shi aka halicce su, yana cikin jininsu. Duk wanda ciwon ya kama masa ido biyu yana cikinsu. Su ko ba a haska su ba, sun fi kowa haɗarin ciwon daji na ƙashi da na tsoka, in an haska kuma ya ƙaru. Kuma suna iya gadar wa ƴaƴansu: kowane ɗa da suka haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba.

Don haka in irin wannan mutum ya samu haihuwa, a kai jaririn wurin likitan ido tun makonnin farko, kada a jira a ga fari cikin idon. A ci gaba da kai shi duk ranar da likita ya sa, har ya kai shekara 5 ko abin da likita ya ce. Ƙannen yaron da ke da ciwon su ma a kai su a duba. In an gano ƙarin yana ƙarami kamar ƙwayar gero, ana iya ceton ran yaron, sau da yawa har da idon.