Darasi na 12: Bakin Rafi da Hanyoyinsa

Jama'ar Saji da na kewaye, darasinmu na yau a kan bakin rafi ne. Kowa ya san amfanin ruwa, amma ba kowa ne ya san amfanin gaɓa ba. Gaɓa ita ce ganuwar rafi. In ta zube, gona ta tafi, ruwa ya gurɓace, kifi ya ƙaura.

1. Kogin Kano

Babban kogin ƙasarmu shi ne Kogin Kano. Yana tasowa daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya iso Tiga. A nan aka tare shi. An fara gina madatsar Tiga a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga aka haƙa wa ruwa hanya zuwa Kadawa da Bunkure da Kura, inda ake noman rani, kamar su shinkafa da alkama da tumatir. Sauran ruwan ya wuce ya gamu da Kogin Calawa, su zama Kogin Haɗeja, ya gangara fadamun Haɗeja da Nguru. Watau abin da na sama ya yi wa ruwa, na ƙasa ne ke shan sa.

2. Dajin Falgore

Tun zamanin Turawa aka keɓe wannan daji, ana kiransa Gandun Dajin Kogin Kano. Daga baya aka mai da shi wurin kiyaye namun daji. Hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa. Amfaninsa bai tsaya ga namun daji kaɗai ba. Saiwoyin itatuwa da ciyawa suna riƙe ƙasa, su hana ruwan sama kwashe ta zuwa Tiga. Madatsa kamar randa ce. In laka ta cika rabin randa, ruwan rabin randa kaɗai za ta ci. Saboda haka mai saran itace a Falgore yana rage wa manomin Kura ruwa, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

3. Rafin ƙauyenmu

Aikin da daji ke yi wa kogi, shi 'yan itatuwan gaɓa ke yi wa ƙaramin rafi. Ku duba kanya da ɓaure da malmo da giyayya. Ku duba gamba da jema. Su ne ke ɗaure gaɓa. A inuwarsu tarwaɗa da karfasa ke fakewa. A rassansu tsuntsaye ke sheƙa, zuma kuma ta sami fure.

Abu uku ne ke kashe gaɓa. Na fari, noma har bakin ruwa. Na biyu, saran itace don girki ko gawayi. Na uku, turba barkatai. Na ukun nan shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Kowa ya ga inda ya fi masa kusa, sai ya gangara. Sawu ya kashe ciyawa, turba ta zama 'yar kwari. Damina ta zo, ruwa ya bi ta. Bana tsayin idon sawu, baɗi gwiwa, shekara kaɗan sai ga kwazazzabo ya ci gonar mutum.

4. Shirya hanya

Ba a hana mutane zuwa rafi. Mata za su ɗebo ruwa, yara za su yi wanka, makiyaya za su shayar da shanu. Maganin abin shi ne a shirya wa kowa hanyarsa. Ga yadda za a yi:

(a) A bar fili misalin taki 20 daga bakin ruwa, ba noma, ba sara, ba wuta.
(b) A fitar da hanyar ƙafa a bayan wannan fili, kada ta bi kan gaɓa.
(c) Inda hanya za ta gangara ruwa, a bi da ita a karkace, kada a miƙe. Ruwan sama ba ya samun gudu a karkatacciyar hanya.
(d) A jera duwatsu a mashigi, a dasa jema dama da hagu.
(e) A bar burtali da faɗinsa, kada mai gona ya ci shi. A sa mashayar dabbobi ƙasa da inda mutane ke ɗiban ruwa.
(f) A ware wani lungu inda hanya ba za ta shiga ba sam, don tsuntsaye da kifi su hayayyafa.

5. Hanyar shan iska

In hanyar ƙafa ta yi kyau, ta zama wurin shan iska. A share gindin manyan itatuwa, a ajiye kututture don zama. Tsofaffi su huta da la'asar. Malamin makaranta ya kawo yara ya koya musu sunayen itatuwa. Mutane sukan taso daga birnin Kano don su ga ruwan Tiga da duwatsun Rurum. Baƙo kuwa inuwa da tsabta yake nema, in ya zauna kuma ya sayi gyaɗa da rake da fura. Amma mai shan iska shi ma da nasa sharaɗi: kada ya bar hanya, kada ya zub da leda, kada ya harbi tsuntsu, kada ya kwashe ƙwai.

6. Wa zai yi aikin?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dagaci ya tara masu unguwa da arɗo da masunta da masu gonakin bakin rafi, a kira malamin daji da malamin gona. A tafi da ƙafa a ga wurin tare, da rani, kafin a yi shuka. Kada a manta da shawarar mata, gama su suka fi kowa bin hanyar rafi.

Lalle mai gona zai ce, "An rage mini kunya goma." Gaskiya ne. Amma in bai bari ba, rafi zai ɗauki ashirin, bai kuwa mayarwa. Filin da ya bari kuma nasa ne har yanzu. Gambar da ta fito shi zai yanka ya yi zana, kanyar da ta nuna 'ya'yansa ne za su sha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama madatsar Tiga?
2. Ina amfanin dajin Falgore ga manomin Kura?
3. Yaya turba ke zama kwazazzabo?
4. Don me ake sa mashaya ƙasa da wurin ɗiban ruwa?

Aiki

Rubuta sunayen itatuwa biyar na bakin rafinku. Gobe ka ƙirga turbobin da suka gangara rafin, ka kawo wa malam lissafinsu.