Tambaya da Amsa: Na Biya Kuɗin Shekara a Gidan Motsa Jiki, Sun Sauya Tsari, Sun Riƙe Min Kuɗi

TAMBAYA

 Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Bara likita ya ce hawan jinina yana neman yin tsanani, ya ɗora ni a kan magani, ya kuma ce lallai in riƙa motsa jiki. Wata abokiyar aikina ta kai ni wani gidan motsa jiki da ke kusa da unguwarmu. Abin da ya ja hankalina shi ne sun ware wa mata lokacinsu, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, kuma mace ce ke horar da mu. A kan haka ne maigidana ya amince. Kuɗin wata naira 25,000 ne, amma suka ce idan na biya na shekara gaba ɗaya 240,000 ne. Na ɗauki adashina na biya da kati, aka miƙo min fom na sa hannu.

Bayan wata huɗu sai muka tarar da sanarwa manne a ƙofa cewa an soke lokacin mata, wai ba mu da yawa, kowa ya zo sa'ad da ya ga dama. Mai horar da mu ma ta bar aiki. Ni dai ba zan iya cuɗanya da maza a irin wannan wuri ba, maigida ma ya ce in haƙura. Da na nemi ragowar kuɗina, manaja ya juya bayan fom ɗin ya nuna min inda aka rubuta da Turanci, da ƙananan haruffa, cewa ba a mayar da kuɗi ko ta halin ƙaƙa, kuma suna da ikon sauya lokaci duk ranar da suka so. Ya ƙara da cewa in ban ba su sanarwa a rubuce kwana 60 kafin cikar shekara ba, za a sake cire kuɗin wata shekarar daga katina. Malam, wallahi ban karanta ba. Shin sa hannun nan ya ɗaure ni ke nan? Ina da wata mafita, ko in bar su da Allah?

Maman Khadija, Kaduna

AMSA

 Allah Ya ƙara lafiya, Ya kawo sauƙi. Amsar a taƙaice ita ce kina da haƙƙi, kuma sa hannun da kika yi bai shafe shi ba. Sa hannu yana ɗaure mutum a kan sharaɗin da ke da adalci, amma ba ya halatta wa mai kasuwa ya riƙe kuɗin aikin da bai yi ba. Barin mutum da Allah abu ne mai kyau ga wanda ya zaɓi ya yafe don kansa, sai dai kada ki yafe don an sa ki zaton ba ki da hujja.

Mu fara da tantance abin da kika saya. Ke ba na'urar gudu kika je nema ba, don ana samunta a wurare da dama. Abin da kika biya wa kuɗi shi ne sa'o'i biyu na mata zalla tare da mai horarwa mace. Da babu wannan da ba ki taka wurin ba, da maigida ma bai yarda ba, kuma su ma sun san da haka, tunda da shi suka yi talla. Saboda haka ranar da suka manna takardar nan a ƙofa, su ne suka fara karya yarjejeniya. Kamar ki ba tela kuɗin ɗinki goma sha biyu ne, ya ɗinka huɗu, sannan ya ce daga yau kaftanin maza kawai yake yi, kuma kuɗinki ya zama nasa. Ba wanda zai ji wannan ya ce tela ne da gaskiya. Ki riƙe wannan bambanci da kyau, domin manaja zai so ya mayar da maganar kamar ke ce kika gaji kika daina zuwa.

Dokar da ta shafi maganarki ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC. Dokar ta shafi kaya da kuma hidima, don haka gidan motsa jiki yana cikinta kamar yadda otal da kamfanin mota suke ciki.

Sashe na 127 ya hana mai kasuwa gindaya sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu. Ya bayyana cewa sharaɗi yana zama na zalunci idan ya karkata ƙwarai ga ɓangaren mai kasuwa, ko idan an jawo mai saye ne da bayanin da ba haka yake ba. Ki ɗora sharuɗɗan fom ɗinki a kan wannan ma'auni. Su suna da damar sauya komai a kowane lokaci, ke kuwa ba ki da damar fita a kowane hali. Idan suka rufe wurin wata uku ma, a lafazin takardar, kuɗinki ya tafi. Wannan shi ne ainihin karkatar da dokar take nufi.

Sashe na 128 kuma ya ce duk sharaɗin da zai rage nauyin da ke kan mai kasuwa, wajibi ne a jawo hankalin mai saye gare shi a fili tun kafin a ƙulla ciniki. A yadda kika faɗa, sai da kika biya aka miƙo miki fom, sharuɗɗan suna baya da ƙananan haruffa, ba wanda ya ce miki juya ki duba. Rashin karantawa sakaci ne da ya kamata mu duka mu daina, amma doka ba ta ɗora laifin duka a kanki ba. Ta ɗora wa wanda ya rubuta takardar nauyin nunawa. Sashe na 130 ya ƙara da cewa idan hidima ta gaza abin da ya dace a samu, mai saye yana iya neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon gazawar.

Ita kuwa kalmar “ba a mayar da kuɗi” da ake rubutawa a rasit da bangon shaguna, kotu ta taɓa duba ta. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya shigar a kan wani kamfanin motocin haya. Ya sayi tikitin naira 500, mota ta ƙi tashi saboda rashin fasinja, ya nemi kuɗinsa aka nuna masa rubutun da ke jikin tikiti. Kotu ta ce wannan tsari ya saɓa wa dokar 2018, ta kuma umurci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. Rubutu a bango ba ya rinjayar doka.

Rigimar gidajen motsa jiki da abokan cinikinsu tsohuwa ce a ƙasashen da sana'ar ta daɗe. A Ingila, a 2011, babbar kotu ta yanke hukunci a kan wani kamfani da ke tsara wa ɗaruruwan gidajen motsa jiki takardun yarjejeniya, ta ce ɗaure mutane na tsawon shekaru ba tare da hanyar fita ba rashin adalci ne. Bayan haka manyan gidajen ƙasar suka amince su riƙa sakin wanda ya ji rauni ko ya rasa aikinsa. A Amurka kuma wasu masana tattalin arziki biyu, DellaVigna da Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 wanda ya nuna masu biyan kuɗin wata ba sa wuce zuwa sau huɗu zuwa biyar a wata, har kowane zuwa yana tsaya musu fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga suka saya da dala 10 za su biya. Wannan ya nuna miki dalilin da ya sa ake kwaɗaita wa mutane biyan shekara, a kuma ƙuntata ƙofar fita: ribar tana wurin wanda ya biya bai zo ba.

Yanzu sai lissafi, don kada ki je kina cewa “a ba ni kuɗina” ba tare da adadi ba. Wata huɗun da kika yi kin amfana da su, haƙƙinsu ne, kada ki neme su. Naira 240,000 a raba gida goma sha biyu, kowane wata ya kama 20,000. Wata huɗu 80,000 ke nan, saura 160,000. Wannan za ki nema, tunda daga gare su saɓanin ya fito. Da a ce ke ce kika fasa don ra'ayinki, ko aka yi miki canjin wurin aiki, da lissafin ya bambanta. Sashe na 120 ya ba mai saye damar soke abin da ya biya tun kafin lokaci, amma ya yarda mai kasuwa ya cire wani abu daidai misali. A irin wannan hali suna iya cewa rangwamen na wanda ya cika shekara ne, su lissafa miki wata huɗu a kan 25,000, su riƙe 100,000 su ba ki 140,000. Idan a wurin sulhu suka tsaya a nan, ki auna da kanki ko bambancin 20,000 ya kai a ja dogon zance. Abin da ba shi da madogara shi ne su riƙe duka.

Ga yadda za ki bi. Da farko ki tattara hujja: hoton fom gaba da baya, rasit ko saƙon banki na cire kuɗi, hoton sanarwar da ke ƙofa, da duk wani talla da ya ambaci lokacin mata, ko takarda ce ko a WhatsApp ko Facebook. Tallan nan shi ne ƙashin bayan ƙorafinki, ki adana hotonsa yau kafin a goge. Abokiyar aikin da ta kai ki ita ma shaida ce.

Na biyu, ki toshe maganar kati tun yanzu, kada ki jira kwana 60. Ki rubuta musu cewa ba ki amince a sabunta rajistarki ba, kuma kin janye duk wani izini na cire kuɗi daga asusunki. Sannan ki je bankinki ki gaya musu haka a rubuce. Hanya mafi sauƙi ita ce a toshe katin da kika biya da shi a ba ki sabo. Idan duk da haka aka cire, ki kai ƙorafi banki nan take ki karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar irin wannan ƙara.

Na uku, ki rubuta wasiƙa ɗaya gajera zuwa ga mai wurin, ba manaja kaɗai ba. Sau da yawa manaja ɗan aike ne, ba shi da ikon fitar da ko sisi. Ki faɗi ranar da kika biya, nawa kika biya, me aka yi miki alkawari, ranar da aka soke, da adadin da kike nema, ki ba su kwana 14. Ki kai kwafi biyu, a sa hannu a kan ɗaya da kwanan wata a ba ki. Kada ki sa zagi ko barazana a ciki, kuma kada ki hau intanet kina kiran sunansu da ɓarayi, domin hakan yana iya juya ƙarar ta dawo kanki.

Ki bar ƙofar sulhu a buɗe. Idan suka ce za su dawo da lokacin mata da mai horarwa mace, su kuma ƙara miki watannin da kika rasa, to kin samu abin da kika je nema tun farko. Idan mai wurin Musulmi ne, babu laifi maigida ko wani dattijo ya tuna masa cewa a fiƙihu ladan haya yana halatta ne gwargwadon amfanin da aka bayar, kuma warware ciniki ga wanda ya nemi a warware masa abu ne da addini ya kwaɗaitar. Alkawari kaya ne, kuma mutane da yawa suna jin nauyinsa idan aka yi musu magana ta mutunci.

Idan wa'adi ya cika shiru, ki kai ƙorafi hukumar FCCPC ta shafinta na intanet ko ofishinta, tare da kwafin takardunki. Dokar ta kuma ba ki damar zuwa kotu kai tsaye. Jihohi da dama sun buɗe kotunan ƙananan da'awa, Legas a 2018, Kano a 2019, wasu suka biyo baya, inda ake shigar da ƙarar bashi ta hanyar cike fom ba tare da dole sai da lauya ba. Ki tambaya a rajistar kotun majistare mafi kusa da ke. Kafin nan yana da kyau lauya ya karanta fom ɗin gaba ɗaya, don a san kowane layi da za su kafa hujja da shi.

Abu ɗaya da nake so ki ba muhimmanci: ba ke kaɗai aka soke wa lokaci ba. Ki nemi sauran matan da kuke zuwa tare, musamman waɗanda suka biya na shekara. Wasiƙa mai sa hannun mata takwas ko goma ta fi ta mutum ɗaya nauyi a teburin mai wurin, haka ma a gaban hukuma. Yawancin masu irin wannan hali suna dogara ne da cewa mace za ta ji kunyar ja-in-ja a kan kuɗi, ta ce Allah Ya isa ta koma gida. Neman haƙƙi cikin natsuwa ba rashin kunya ba ne.

Ga sauran masu karatu, kafin ku biya kuɗin shekara a ko'ina, ku fara da wata ɗaya ku ga kamun ludayin wurin. Ku karɓi fom kafin ku miƙa kati, ku karanta bayansa, ku tambayi abin da zai faru idan rashin lafiya ko juna biyu ko canjin wurin aiki ya gitta. Abin da aka yi muku alkawari da baki, ku sa a rubuta shi a jikin takardar. Masu gidajen motsa jiki kuma su sani cewa matan da suka samu wurin da ya mutunta suturarsu su ne za su kawo musu 'yan uwa da maƙwabta, wanda kuma ya cuci ɗaya daga cikinsu, labarinsa zai riga shi isa gidajen suna da biki.

Malama, ki rubuta wasiƙarki a wannan makon, ki je banki a makon nan. Kuma kada wannan rigima ta sa ki ajiye umurnin likita. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tana daidai da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara, kuma za ki iya yinta a harabar makarantarku bayan an tashi, ke da abokan aiki. Ki ci gaba da shan magani da gwada jini. Allah Ya ba ki lafiya, Ya dawo miki da haƙƙinki.