Idan ka faɗo daga sikafol a New York

Ƙannena da ke sauka a Bronx da Harlem, yawancinku aiki uku ne ke jiranku: kai abinci a kan keke, wankin mota, ko leburanci a wurin gini. Na ƙarshen ya fi kawo kuɗi, shi ya sa kuke rububinsa, kuma yana karya mutane sosai. Faɗowa daga sama ita ce babbar hanyar mutuwar ma'aikatan gini a Amurka. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ɗan'uwa zai faɗo, ya tashi yana ɗingishi, ya ce wa foman ba komai, ya koma ɗaki a shafa masa man zafi, ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ba musu. Amma wanda ya kafa sikafol ba shinge ba igiya, shi ma a bar shi ya haɗu da tasa ƙaddarar a gaban alƙali.

Haƙƙi biyu gare ka, kada ka cakuɗa su. Na farko inshorar ma'aikata ce, wadda doka ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya yanka. Ita ke biyan asibiti, ta kuma ba ka har kashi biyu bisa uku na abin da kake samu a mako, da iyakar da ba ta wucewa. Ba ruwanta da wa ya yi laifi. Sharaɗinta ka sanar da maigidan aikinka a rubuce cikin kwana 30, ka kuma cike fom ɗin C-3 cikin shekara 2. A rubuce na ce. Saƙon waya mai ɗauke da kwanan wata ya fi rantsuwar mutum goma da suka ji ka faɗa da baki.

Na biyu shi ne sashe na 240 na dokar ƙwadago ta jihar New York, wanda asalinsa ke komawa 1885. Ya ɗora wa mai ginin da babban ɗan kwangila alhakin samar da sikafol da tsani da igiya masu kare rai. In ba su samar ba ka faɗo, diyya a wuyansu take, kuma ɗan sakacin da ka yi ba ya rage ta, sai fa in an nuna cewa an ba ka kayan kariya ka ƙi amfani da su, kai kaɗai ka jawo wa kanka. Ba wata jiha a Amurka da ke da doka mai tsauri haka yanzu. Mai gida na iyali ɗaya ko biyu da bai sa baki a yadda ake aikin ba, shi dokar ba ta hau kansa.

Rashin takardar zama ba ya soke ko ɗaya daga cikin biyun. Tun 2006, a shari'ar Balbuena, babbar kotun jihar ta ce ma'aikacin da ba shi da izinin aiki zai iya neman kuɗin aikin da rauni ya hana shi samu, muddin bai yaudari mai aikin da takardun jabu ba. Don haka foman da ya ce maka in ka yi magana 'yan shige da fice za su zo, aljihun ubangidansa yake karewa.

Yanzu ga abin da ya ci mu a gidanmu. Ɗan yayana ya faɗo a wani gini da ake gyarawa, ƙugunsa ya tsage. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a kwantar da hankali, shekara 3 doka ta bayar a shigar da ƙara, a bari ya warke tukuna. Maganarsu gaskiya ce in ginin na ɗan kasuwa ne. Wannan kuwa na hukuma ne, kuma ba allon da ya faɗi haka a bakin ƙofa. Yaron sunan ƙaramin ɗan kwangilar da ke biyansa ran Juma'a kawai ya sani. In ginin na birni ne, ko makarantar gwamnati, ko gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ko tashar jirgin ƙasa, kwana 90 kacal gare ka ka miƙa wata takarda da ake kira Notice of Claim, mai bayyana inda abin ya faru, da yaushe, da yadda ya faru, da raunin da ka ji. Kwanakin suna tafiya kana kwance a gadon asibiti, ba sa tsayawa don ba ka jin Turanci. Sa'ad da muka zauna gaban lauya wa'adin ya wuce, sai da aka koma roƙon alƙali ya karɓi takardar a makare. Alƙali yana da ikon karɓa, yana da ikon ƙi, kuma watannin da muka yi muna jiran amsarsa ba na fata wa kowa. Ko an karɓa, ƙarar kanta dole ta shiga cikin shekara 1 da kwana 90. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa lauya, tun kafin maganar kuɗi: ginin nan na wane ne? In ba ka iya tashi, aika wani a makon farko.

A asibiti kuma, faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa: a wurin aiki na faɗo, daga tsayi kaza, a titi kaza. Akwai masu aikin da za su sa ka a motarsu, su danƙa maka dala ɗari biyu, su ce ka ce a matakalar gidanka ka zame. Abin da nas ta rubuta a daren nan shi lauyan inshora zai karanta maka bayan shekara biyu. Kana jin nauyin mutumin don shi ya ɗauke ka aiki, amma kunyar mara kunya asara ce. Ka nemi tafinta, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, ka sa abokin aikinka ya ɗauki hoton sikafol ɗin kafin a gyara shi da safe.

Lauyan irin wannan ƙara ba ya karɓar komai sai an ci, yawanci kashi ɗaya bisa uku. Wanda ya biyo ka har gadon asibiti da katinsa ba ka kira shi ba, ka yi masa sallama ya tafi.

Sai kuma wata magana da ba na son yi. Akwai masu zuwa wajen baƙi su ce ka kwanta a ƙasa ka yi ihu, su suna da likita da lauya, a raba kuɗi. Wannan sata ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma kai za a kama, su su nemi wani baƙon. Wasu har tiyatar baya ake yi musu ba su buƙata. Ko rauninka na gaske ne, kada ka ƙara gishiri: ƙarya ɗaya a gaban hukumar inshorar ma'aikata tana iya yanke maka kuɗin mako-mako gaba ɗaya. Kamfanonin inshora suna da masu bin mutane da kyamara, suna kuma duba Facebook ɗinka, har hoton da abokinka ya sa kana ɗauke da buhun shinkafa ranar walimar suna.