Darasin Ɗaukar Hoto Daga Tsibirin Gozo



A daminar bara, ruwan watan Agusta ya rushe tsohon zauren nan na ƙasa da ke bayan katangar makarantarmu. Duk mai biyowa ta wannan hanya ya san shi, mai zankwaye huɗu da zanen dagi a saman ƙofa. Da muka dawo daga hutu, mu 'yan kulob ɗin jarida muka so mu yi rubutu a kansa. Muka zaga ajujuwa, muka tambayi malamai, har gidajen da ke maƙwabtaka da wurin muka shiga. Ko hoto ɗaya ba mu samu ba. Kullum muna wuce shi safe da rana, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ɗauke shi.

Malaminmu mai kula da kulob ya ga yadda abin ya dame mu. Sai ya buɗe wayarsa ya nuna mana hoton wani ƙaton dutse a bakin teku, mai ƙofa a tsakiya, ruwa yana wucewa ta ciki. Ya ce, "Shi ma wannan ya rushe, amma ga shi kuna ganinsa." Daga nan muka yi mako uku muna nazarin tsibirin da dutsen yake, da taswira da wayar Malam. Ga abin da muka koya.

Ina ne Gozo?

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Gozo tsibiri ne a Tekun Bahar Rum, a kudu da Sisili ta ƙasar Italiya, a arewa da Libiya. Yana cikin ƙasar Malta, wadda ta samu 'yancin kai daga Ingila a 1964, shekara huɗu bayan Nijeriya. Tsawonsa kimanin kilomita 14 ne, faɗinsa kilomita 7, mutanensa kuma wajen 39,000 ne a shekarar 2021. Daga babban tsibirin Malta ana zuwa can a jirgin ruwa cikin minti 25.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne harshensu. Larabawa sun mulki Malta daga shekarar 870 zuwa 1091, kuma daga Larabci harshen Malta ya samo asali. Da yake Hausa ma ta ari kalmomi da yawa daga Larabci, sai ga shi mun haɗu. Suna cewa ħamsin da sittin kamar yadda muke cewa hamsin da sittin. Ranar Alhamis a wurinsu il-Ħamis ce. Taga kuma tieqa suke ce mata.

Bazararsu ba ta zo daidai da tamu ba. Tana kamawa daga Yuni zuwa Agusta, wato lokacin da mu muke tsakiyar damina da dogon hutu. A watannin nan da ƙyar ake samun ruwan sama a can, zafi kuma yakan wuce digiri 30. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 6 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare. Wannan dogon yini shi ne ke jawo masu ɗaukar hoto na sha'awa, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce, su fita rukuni-rukuni suna zaga tsibirin.

Yadda ake shirya fita

Ba a fita haka kawai. Ana zaɓen wuri ɗaya, a san abin da za a je nema, a san ta inda rana za ta ɓullo. Ana cika batir da caji, a ɗauki ruwan sha da hula. Lokacin fita biyu ne: sassafe, ko bayan la'asar sakaliya. Dalili shi ne idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana da taushi, yana zuwa ta gefe, sai inuwa ta fito da siffar abu. Idan kuwa ta take tsaka, duwatsun Gozo masu fari-fari ne, sai su ƙyalle, hoton ya fito fayau babu komai a ciki. Da sanyin safiya ake kama fara.

Darasi na ɗaya: gaɓar teku

Dutsen da Malam ya nuna mana sunansa Shuɗiyar Taga, a wani wuri da ake kira Duwaira a yammacin Gozo. Tsayinsa ya kai mita 28. Igiyar ruwa da iska ne suka yi ta cin dutsen har suka huda shi, kuma ba su daina ci ba. A 2012 wani babban ɓangare ya ɓalle. A ƙarshen 2016 gwamnati ta hana hawa kansa, ta sa tarar yuro 1,500. A safiyar 8 ga Maris, 2017, bayan an sha guguwa, gaba ɗayansa ya faɗa cikin teku. Yau hotuna ne suka rage, kuma mafi yawansu mutane irinmu ne suka ɗauka, ba ƙwararru ba.

A arewacin tsibirin, kusa da garin Marsalforn, akwai fagen gishiri na Shuwaini. Ƙananan ramuka ne masu kusurwa huɗu da aka sassaƙa a jikin dutsen gaɓa, jere kamar gidan dara. Ana zuba musu ruwan teku, rana da iska su busar da shi, sai a share gishirin da tsintsiya a tara. A bazara ake wannan aiki, saboda sai da zafin rana yake yiwuwa. Akwai kuma gaɓar Ramla mai jan yashi.

Ƙa'idojin hoton ruwa guda uku ne. Na farko, layin da sama ta haɗu da ruwa ya miƙe sosai. Idan ya karkace, sai a ga kamar tekun zai tsiyaye ta gefe ɗaya. Na biyu, kada layin ya raba hoton biyu daidai. A cikin saitin kyamarar waya akwai wurin kunna layuka huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, da ke raba fuskar waya gida tara. Ka ɗora layin ruwan a kan layin sama ko na ƙasa, abin da kake so a gani kuma ka sa shi inda layuka suka gitta. Na uku, ka sa wani abu a gaba, kamar kwalekwale ko tarin gishiri, don ido ya samu wurin farawa. Kwalekwalen masuntan Malta sun dace da haka, domin ana yi musu fenti shuɗi da rawaya da ja, a zana musu ido biyu a goshi.

Darasi na biyu: karkara

Gozo tsibirin manoma ne. Yana da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, gonakin kuma an yi su hawa-hawa a jikin gangare. Kowace gona an kewaye ta da gajeriyar katanga ta duwatsu da aka ɗora wani kan wani ba tare da siminti ba. Katangar tana riƙe ƙasa kada ruwa ya wanke ta, tana kuma kare shuka daga iska. Suna noman tumatir da inabi, suna kiwon tumaki, da nononsu suke yin ƙananan cuku. A lokacin sanyi ƙasar kore shar take, a bazara kuwa sai ta bushe ta koma ruwan ƙasa.

Abin da ake koya a nan shi ne amfani da layi. Katanga ko turba ko kunya, idan ta taso daga ƙasan hoto ta nufi ciki, tana jan idon mai kallo har zuwa inda kake so ya tsaya. Sannan kada ka riƙa ɗauka daga tsaye kawai. Ka durƙusa, ko ka hau tudu, za ka ga wuri ɗaya ya ba ka hoto uku daban-daban. Ba a shiga gonar mutum ba da izini ba, ba a kuma taka shuka don neman hoto.

Darasi na uku: kayan tarihi

A garin Shara akwai ɗakunan bauta na Jigantiya, waɗanda aka fara ginawa wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun girmi dalar Masar. Wasu duwatsun ginin sun wuce mita 5 a tsawo, nauyinsu ya haura tan 50. Hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1980. A garin kuma akwai injin niƙa mai aiki da iska da aka gina a 1725.

A tsakiyar tsibirin, a babban garinsu Biktoriya, wanda 'yan ƙasa ke kira Rabat, akwai ganuwa a kan tudu. A 1551 sojojin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya ba ta Sakkwato ba, sun ci ta da yaƙi suka kwashe mutum kimanin 5,000 zuwa Libiya a matsayin bayi, kusan duk jama'ar tsibirin ke nan. Har zuwa 1637 doka ce mutanen Gozo su riƙa kwana a cikin ganuwar saboda tsoron hari.

Hoton gini yana son abu uku. Ka ɗauke shi gaba ɗaya daga nesa. Ka matso ka ɗauki ƙananan abubuwa, kamar ƙofa ko zane ko tsagewar bango. Sannan ka tsayar da mutum a gefensa, domin idan babu mutum, mai kallo ba zai san ko dutsen ya kai ɗaki ko kuwa bai fi turmi ba. Ba a hawa kan ginin tarihi, ba a rubuta suna a jikinsa. Bayan an dawo gida, kowane hoto a rubuta masa sunan wuri da kwanan wata da sunan wanda ya ɗauka. Hoton da ba shi da waɗannan ba zai zama shaida ba nan da shekara 20.

Da muka gwada da kanmu

Mu ba mu da teku, amma muna da kududdufi da gonaki da tsofaffin gine-gine. Ranar wata Asabar mu takwas muka fita tare da Malam, da wayarsa guda ɗaya, kowa aka ba shi damar hoto biyar. Cikin arba'in ɗin nan, tara kawai suka yi kyau. Ga kurakuranmu, don kada ku maimaita.

Mun makara, sai ƙarfe goma sha ɗaya muka isa, rana ta riga ta yi ƙarfi. Mun tsayar da abokanmu rana tana bayansu, fuskokinsu suka fito baƙi wuluk. Ya kamata rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Ba mu goge idon kyamarar ba, hotunan farko suka yi hazo saboda maiƙon hannu. Mun yi ta jawo abu da yatsa maimakon mu taka mu matsa kusa, hoton ya dushe. Wasunmu da hannu ɗaya suka riƙe wayar, ta girgiza. Daidai shi ne a riƙe da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a jiki, a taɓa abin da ake so a fuskar waya har ya fito tangaran, sannan a danna.

Kuskuren da ya fi ba mu kunya a bakin kududdufi ya faru. Mun ga wata dattijuwa tana wanke ƙwarya, ɗayanmu ya ɗauke ta ba tare da sallama ba. Ta ɗago ta ce, "Kai 'yan nan, wa ya aiko ku? Haka aka koya muku a makarantar?" Muka durƙusa muka ce, "Inna, ki yi haƙuri, mun yi laifi." Malam ya goge hoton a gabanta. Da ta huce, sai ta tambaye mu abin da muke nema. Muka ba ta labarin zauren. Ashe ta san shi tun tana yarinya, har ta gaya mana a nan ake saukar baƙin fatake. Ta kuma nuna mana wata tsohuwar rijiya da ba mu taɓa sanin da ita ba. Da mun fara da gaisuwa, da mun samu labarin ba tare da faɗa ba.

Tambayoyi

1. A wane teku tsibirin Gozo yake, kuma a cikin wace ƙasa?
2. Me ya sa ba a son ɗaukar hoto da tsakar rana?
3. A wace rana Shuɗiyar Taga ta rushe, kuma me ya cinye dutsen?
4. Me ya sa ake tsayar da mutum kusa da gini idan za a ɗauke shi?
5. Waɗanne abubuwa uku ake rubuta wa kowane hoto?

Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.

Muna kuma da roƙo. Damina ta kusa. Kowane aji ya rubuto mana sunan tsohon abu guda ɗaya a unguwarsu da yake tsoron ruwa zai ci, ko soro ne, ko ƙofa, ko rijiya, ko bishiya. Tsohuwar rijiyar nan ita ce ta farko a jerinmu. Za mu koma mata ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe, za mu taru a bakin ƙofar makaranta. Mai son zuwa ya kawo takardar izini daga gida.