Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kadawa Zuwa Kazan

Wani malamin gona da ke aiki da manoman shinkafa a Kadawa, kusa da Kura, ya tambaya yadda zai shirya zuwa taron aiki a Kazan, ƙasar Rasha.

Da farko ya karɓi takardar gayyata daga masu taron, ya kai ofishin jakadancin Rasha a Abuja neman biza da wuri. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai ya bi ta Alkahira ko Istanbul.

Babban abin kiyayewa shi ne kuɗi. Tun 2022 katin Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a Rasha, don haka ya riƙe sabbin daloli ya canza zuwa rubul. An kuma toshe Facebook.

Abincin halal ba zai yi masa wuya ba, domin Tatarstan, inda Kazan take, cike take da Musulmi. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri.